Masunta, a shirya jirgi kafin hadarin farkon damina

Daga Afrilu zuwa Yuni, hadari kan haɗo daga gabas da la'asar, kuma iska ce ke riga ruwan sama isowa. Tun da aka datse Kogin Kwara a Kainji a 1968, ruwan ya zama tafki mai faɗi, inda iska ke samun filin tayar da igiyar ruwa. Masuntan Yauri, Wara da Malale, ku saurara.

Kwale-kwalen katako mai shimfiɗaɗɗen gindi yana zama daram a ruwa kwance, amma igiya na dukansa ta gefe sai ya kife. Abin da ke ƙarasa shi kuwa ruwan da ke cikinsa ne. Ko bai wuce idon sawu ba, jirgi na karkata sai ya kwarara gefe guda, ya ƙara danne wancan ɓangaren. Don haka a toshe haɗin katako da tsumma da kwalta tun a gaɓa, a sauya kusoshin da suka yi tsatsa. Ƙwaryar kwashe ruwa a ɗaure ta da igiya, don ita ce ke fara ɓacewa.

Jiƙaƙƙen taru nauyi gare shi. A ajiye shi ƙasa, a tsakiyar jirgi, tare da kifi, kada a tula a goshi. In leɓen jirgi bai ɗara ruwa da ɗani guda ba, lodi ya yi yawa. Jarkoki huɗu na lita 25, babu komai ciki, a rufe su gam a ɗaure ƙarƙashin benci. Ko jirgi ya cika, za su taimaka ya tsaya a sama.

In iska ta riske ku a tsakiya, kowa ya zauna ƙasa da rigar kariya a jiki. Direba ya rage wuta amma kada ya kashe inji, ya tari igiya da goshin jirgi, a ɗan karkace. Juyawa ce mai hatsari: a jira igiya ta wuce tukuna. In inji ya mutu, a ɗaura bokiti da doguwar igiya a goshi a jefa, zai riƙe jirgin yana fuskantar iska.

Kusa da gaɓa kuma akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, ba a ganinsu da duhu, ga hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare. In jirgi ya kife, ku riƙe shi, katako ba ya saurin nutsewa, kuma masu ceto sun fi hango jirgi fiye da kan mutum.