Sauya kulob ga baƙin 'yan wasa a gasar besbol ta Japan

Gasar besbol ta ƙwararru a Japan, wadda ake kira NPB, tana da kulob 12, shida a rukunin Central, shida a rukunin Pacific. Babu wata doka guda da ta hana baƙo barin kulob ɗinsa ya koma wani. Abin da ke ɗaure shi shi ne haƙƙin riƙo da kulob ke da shi a kansa, da kuma ƙarancin kujerun da aka ware wa baƙi.

Haƙƙin riƙo ya shafi kowa, ɗan ƙasa da baƙo. A ƙarshen Nuwamba kowane kulob yakan miƙa sunayen waɗanda yake son riƙewa, a fitar da su a farkon Disamba. Wanda sunansa ke ciki ba shi da ikon tattaunawa da wani kulob, ko da kwantiraginsa ya ƙare. Wanda aka cire kuwa ya zama sakakke, kowa na iya nemansa. A nan ne baƙo yakan fi ɗan ƙasa sararawa, domin wakilinsa yakan sa sharaɗi tun ranar sa hannu cewa in ba a daidaita kan sabon albashi ba, kulob zai sake shi. Shi ya sa manyan baƙi ke yawan komawa kulob masu kuɗi ba tare da dogon jira ba. A 2008 Yomiuri Giants ta kwashi Alex Ramirez da Seth Greisinger daga Yakult, ta haɗa da Marc Kroon daga Yokohama, duk a kaka ɗaya. Wanda wakilinsa ya yi sakaci da wannan sharaɗi, sai abin da kulob ya ga dama.

Ƙayyade yawan baƙi ne babban shinge. Kulob na iya sa hannu da baƙi ko nawa a cikin 'yan wasa 70 da yake da izinin riƙewa, amma babbar tawaga, wadda ke buga wasannin gasar, zancenta daban. Daga 2002 zuwa 2019 baƙi huɗu kawai ake yi wa rajista a cikinta, kuma ba za su zama duka masu jifa ko duka masu bugu ba, uku ne iyaka a kowane ɓangare. A 2020, lokacin annobar korona, an ƙara rajistar zuwa biyar, amma huɗu ne ke zama a benci ranar wasa. Don haka baƙon da ya zama sakakke yana iya samun masu sha'awarsa da yawa amma babu mai gurbi. Idan kuma baƙo ya yi wata guda bugunsa ba ya ci, nan da nan ake sauke shi ƙaramar tawaga a ɗauko wani, alhali ɗan ƙasa mai irin wannan rauni akan yi masa haƙuri.

Sauke shin nan yana da illa ta biyu. 'Yancin sauya kulob, wanda aka kafa a 1993, da kwanaki ake lissafa shi: kwana 145 a rajistar babbar tawaga shi ne shekara ɗaya. Baƙo sai ya tara shekara takwas kafin ya sami 'yancin komawa wani kulob a cikin Japan, tara kuma kafin na ƙetare. Baƙon da ya cika wannan wa'adi, daga kakar da ke tafe ba a ƙara ƙirga shi cikin baƙi, kuma darajarsa a kasuwa takan tashi nan take. Tuffy Rhodes da Ramirez da Alex Cabrera sun kai wannan matsayi. Haka ma Wladimir Balentien, wanda ya kafa tarihin bugu 60 na fitar da ƙwallo waje a 2013, ya koma SoftBank a 2020 ba tare da ya cinye musu kujerar baƙo ba. Kaɗan ne ke daɗewa haka; yawanci shekara ɗaya ko biyu suke yi su wuce.

A tsakiyar kaka, ranar 31 ga Yuli ake rufe musaya da sabuwar rajista. Kulob ɗin da ke son sallamar ɗan wasa ana cikin kaka sai ya fara sanar da sauran na tsawon kwana bakwai, kuma wanda ke ƙasa a tebur shi ke da fifikon ɗauka. Ba a saka baƙi cikin 'yan wasan da ake bayarwa a matsayin diyya idan kulob ya ɗauki mai 'yanci daga wani, haka nan ba sa cikin zaɓen musayar 'yan wasa da aka fara a Disamba 2022.

Wanda ya tafi ba da izini ba, kulob na sa shi a jerin waɗanda aka taƙaita, ya riƙe haƙƙinsa. Yariel Rodríguez, ɗan Kuba mai jifa a Chunichi, bai dawo ba bayan gasar duniya ta Maris 2023. Ya rasa kakar baki ɗaya, sai da kulob ya sake shi a ƙarshen shekarar sannan ya sa hannu da Toronto Blue Jays. An tsaurara irin waɗannan dokoki ne bayan Hideo Nomo a 1995 da Alfonso Soriano na Hiroshima a 1998 sun bi ta kafar ritaya, wato suka ce sun yi ritaya a Japan, suka tafi Amurka.

Ba fasfo kaɗai ke nuna wanene baƙo ba. Wanda ya yi shekara uku a sakandaren Japan ko huɗu a jami'arta yana shiga ta zaɓen sababbin 'yan wasa kamar ɗan ƙasa, irin Yang Dai-kang na Taiwan da ya yi karatu a Fukuoka. Irinsa ba ya cin kujerar baƙo, amma sai ya jira cikar shekarunsa kamar kowa kafin ya motsa.