Mene ne "antioksidan" da ake ta yi mana shela da shi?

Kwanakin nan ko a tashar Agege ko a Mile 12, da wuya ka wuce mai tallan magani da lasifika ba ka ji wannan kalma ba. Garin ɓawon lemu, shayin lemon tsami, duk "cike da antioksidan, an gwada a lab", wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Har a rediyo na ji wani yana fassara ta da "mai wanke jini". Ba haka ba ne.

Ɓare farin goro ka ajiye, jim kaɗan za ka ga ya canja launi. Iskar oksijin ce ta taɓa shi, danginsa ɗaya da tsatsar ƙarfe. Duk sinadarin da ke rage wannan aiki shi ne antioksidan, kuma bitamin C na lemu yana cikinsu. Iyakar ma'anar ke nan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne "an gwada a lab" ɗin. Ga yadda gwajin yake: a shanya ɓawon, a niƙe, a jiƙa shi a etanol ko metanol (sinadarai ne dangin barasa), a tace. Sai a ɗiga ruwan cikin wani sinadari mai suna DPPH, wanda launinsa shunayya ne. A ajiye a duhu kamar minti 30. In akwai antioksidan, shunayyar za ta koɗe ta koma rawaya, na'ura ta auna yawan koɗewar da haske. Dabara ce tsohuwa, tun 1958 aka san ta, ga araha, shi ya sa ɗaliban jami'a ke son ta. Kuma ɓawon lemu kan ci wannan jarrabawa da kyau, ba ƙarya.

Amma wa ya ci jarrabawar? Kwalba. Masana suna kiran irin wannan gwaji "in bitiro", kalmar Latin mai nufin cikin gilashi. Gilashi ba shi da hanji, ba shi da hanta. Hesfaridin, sinadarin da ya yi yawa a ɓawon lemon zaƙi, sai ƙwayoyin bakteriya da ke cikin hanji sun farfasa shi kafin jiki ya tsotsi wani kaso, hanta kuma ta sake juya shi. Abin da ya isa jini ba shi ne aka ɗiga a kwalba ba. Ma'aikatar noma ta Amurka ma ta taɓa wallafa jadawalin makin antioksidan na abinci, ta janye shi a 2012 saboda 'yan kasuwa sun mai da shi talla, alhali makin bai nuna abin da ke faruwa a jikin mutum ba.

Na tambayi wani mai tallan, na ce, "Malam, a kan mutane nawa aka gwada?" Ya ce, "Alhaji, ai lab ta fi mutum." Na sayi lemon Binuwai guda biyar a tiren yaron da ke gefensa na kama hanyar gida.