Ma'anar Mol ga Ɗalibin da Ke Shirin Jarrabawar Kemistiri

A kowace shekara, idan jarrabawar kammala sakandare ta ƙarato, akwai wata gajeriyar kalma da ba ta barin bakin ɗaliban kimiyya na ajin ƙarshe a nan Katsina, ko a aji, ko a ɗakin gwaje-gwaje, ko a wuraren darasin yamma. Kalmar ita ce mol. Na daɗe ina koyar da kemistiri, kuma abin da yake damuna shi ne, yara da yawa sun haddace ƙa'idojin lissafin da kalmar take ciki, amma idan aka tsayar da ɗaya aka ce ya faɗi ma'anarta da bakinsa, sai ya ce wani nau'in nauyi ne. A ganina daga wannan amsa ake fara zubar da maki a takardun WAEC da NECO da JAMB.

Mol sunan adadi ne, kamar yadda dozin yake sunan goma sha biyu, kuma kiret ɗin ƙwai yake nufin ƙwai talatin. Kakanninmu ma sun san irin wannan, domin a zamanin da ake ciniki da wuri, idan aka ce keso ɗaya, kowane ɗan kasuwa ya san ana nufin wuri dubu ashirin, ba sai an zube su a tabarma an ƙirga a gabansa ba. Mol shi ne keson masana sinadarai, sai dai abin da ke cikinsa ya wuce misali: mol ɗaya na kowane abu yana ɗauke da ƙwayoyi 6.02 × 10²³, wato 602 da sifili ashirin da ɗaya a bayanta. Da mutanen duniya duka, kimanin biliyan 8, za su zauna kowa yana ƙirga ƙwaya ɗaya a daƙiƙa, dare da rana ba hutu, sai sun shafe fiye da shekara miliyan biyu kafin su gama mol guda. Amma duk wannan adadi na molikul ɗin ruwa, wato ƙananan ƙwayoyin da suka taru suka zama ruwa, bai wuce giram 18 ba, cokalin cin abinci ɗaya da 'yan ɗigo.

Dalilin da ya sa aka buƙaci adadi mai girma haka shi ne ƙanƙantar atom, wato mafi ƙanƙantar ƙwayar sinadari. Sinadarai suna haɗuwa ne da ƙidaya, atom biyu na haidurojin da ɗaya na iskar oksijin su ba da molikul ɗaya na ruwa, alhali ba wanda yake da idon ganin atom balle yatsan ƙirga shi. Abin da ke hannunmu sikeli ne kawai. Saboda haka aka zaɓi adadin da zai sa lambar nauyin atom da ke rubuce a jadawalin sinadarai ta zama giram kai tsaye. Kabon yana da 12, don haka giram 12 na kabon mol ɗaya ne. Sodiyam yana da 23, kulorin 35.5, don haka mol ɗaya na gishirin miya giram 58.5 ne, mol ɗaya na sukari kuwa giram 342. Adadin ƙwayoyin ɗaya ne a dukkansu, nauyin ne ya bambanta, kamar yadda dozin na ƙwan zabo da dozin na kankana ba za su yi daidai a sikeli ba.

Sunan ya fito ne daga Jamus, inda masanin sinadarai Wilhelm Ostwald ya gajarta kalmar molikul a ƙarshen ƙarni na 19. Adadin kansa ana kiransa da sunan Amedeo Avogadro, mutumin Italiya wanda a 1811 ya ce idan zafi da matsi suka zama ɗaya, kowace iska da ta cika mazubi mai girma ɗaya tana da adadin molikul ɗaya. Shi bai auna adadin ba. Jean Perrin na Faransa ne ya raɗa masa sunan a 1909. A 1971 aka shigar da mol cikin manyan ma'aunai bakwai na duniya, aka ce shi ne yawan atom da ke cikin giram 12 na kabon-12, kuma wannan ma'anar ce har yanzu take cikin littattafai da yawa da ke hannun yaranmu. Daga 20 ga Mayu 2019 an sauya ta, aka tsayar da adadin daram a kan 6.02214076 × 10²³. Sauyin bai taɓa lissafin jarrabawa ba, amma ya kamata ɗalibi ya san da shi.

Misalin da na fi so in ba ɗan manomi shi ne buhun takin yuriya, wanda babu gidan da bai san shi ba da damina, daga Daura har Funtuwa. A jikin buhun ana rubuta 46, kuma ɗalibin da ya gane mol zai iya gano inda lambar ta fito. Yuriya ita ce CO(NH₂)₂, mol ɗayanta giram 60, kuma a cikin wannan akwai naiturojin mol biyu, kowane giram 14, jimla 28. Idan aka raba 28 da 60 za a samu kashi 46 da ɗoriya cikin ɗari. Ke nan buhu mai kilo 50 yana ɗauke da yuriya mol 833, kuma abin da masara take nema a ciki, wato naiturojin, kimanin kilo 23 ne. Duk lokacin da na yi wannan lissafi a allo nakan ga fuskokin yara sun sake, domin sun gane abin da suke karantawa yana jingine a zauren gidansu.

Inda mol yake nuna ƙarfinsa sosai shi ne takardar gwaji ta aikin hannu, wadda ɗalibi zai tsaya a gaban buret, dogon bututun gilashi mai ma'auni, yana ɗiga asid cikin ruwan alkali har launi ya juya. A ce an ba shi sodiyam kabonet, sinadarin da ke cikin kanwa, mai kauri mol 0.050 a kowace lita, ya ɗebi 25 cm³ da fifet, siririn bututun aunawa, ya sa ɗigon metil orenj, rinin da ke sauya launi idan asid ya isa, sannan ya ga asid ɗin HCl da ya ci kafin ruwan ɗorawa ya koma ruwan lemo 20.00 cm³ ne. Mai hadda zai ruga ya zuba lambobi cikin ƙa'idar da ya riƙe, kuma sau da yawa yakan juya rabon sama da ƙasa bai sani ba. Wanda ya gane zai fara da tambayar mol nawa ke cikin tulun gwajin: 0.050 sau 25, a raba da 1000, ya ba da 0.00125. Daidaitaccen lissafin haɗuwar ya nuna kowane mol na kabonet yana cin mol biyu na asid, don haka asid ɗin mol 0.0025 ne, kuma tunda yana cikin 20 cm³, kaurinsa mol 0.125 ne a lita. Wannan hanya ta fi tsawo da layi biyu, amma ita nake dora ɗalibaina a kai, domin ko tambaya ta sauya kama ba ta ɓatar da mai bin ta.

Haka abin yake a sauran sassan manhaja. Lambar 22.4 dm³, wato lita 22.4, da ake bayarwa a ƙarshen tambaya ita ce wurin da mol ɗaya na iska yake cikawa a daidaitaccen zafi da matsi, lambar 96,500 kuwa a darasin raba sinadari da lantarki ita ce cajin da mol ɗaya na ilektoron yake ɗauke da shi.

Kurakurai biyu nake yawan gani idan ina duba takardun gwaji. Na farko mantawa da raba cm³ da 1000, wanda yake sa amsa ta kumbura sau dubu. Na biyu ya fi ɓoyuwa, shi ne rubuta mol ba tare da faɗin mol na mene ne ba. Mol ɗaya na atom ɗin oksijin giram 16 ne, amma iskar da muke shaƙa atom bibbiyu take tafiya, wato O₂, don haka mol ɗayanta giram 32 ne, kuma wanda ya ɗauki 16 a tambayar da ta shafi iska ya riga ya ninka amsarsa tun a layin farko. Shi ya sa nake roƙon kowane ɗalibi, a makonnin da suka rage masa, ya ɗauko tambayoyin shekarun baya, duk inda ya rubuta mol ya rubuta alamar sinadarin a gefensa kafin ya taɓa kalkuleta.