Gonarka ce, amma yashin cikinta fa? Abin da doka ta ce kan ramukan haƙar ƙasa

Mu a Kano ba mu san dutse mai aman wuta ba sai a labarai. Dala da Goron Dutse tuddan marmara ne, ba sa aman komai. Sai an tsallaka Kamaru ake samun irin dutsen da ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Namu haɗarin da hannunmu muke haƙa shi: ramin yashi ko na burji ya rufta da mutane.

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake lodin tifa ya ga yadda abin yake. Masu diga da shebur suna cin gindin bangon rami, saboda nan ne yashin ya fi laushi, su bar saman yana reto. Da rani ƙasar takan riƙe kanta. Da damina ta sauka, ruwa ya jiƙa ta, nauyinta ya ƙaru, ƙarfin da ke riƙe ta kuma ya ragu. Jiƙaƙƙen yashi mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ya kusa tan 2. Idan ya zaftaro wa mutum, ko kansa na waje, ƙirjinsa ba ya iya buɗewa ya ja numfashi.

To wa ke da ikon ba da izinin haƙa? Nan ne jama'a suka fi kuskure. Sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa duk ma'adanan ƙasar nan a hannun gwamnatin tarayya, Dokar Ma'adanai ta 2007 ta maimaita hakan. Kuma ba zinare da kuza kaɗai ake nufi ba, har da yashi da tsakuwa da burji idan za a fasa ƙasa a ɗebe su. Takardar filinka, ko ta gwamna ce ko shaidar dagaci, ba lasisin haƙa ba ce. Lasisin daga ofishin rajistar ma'adanai na tarayya yake fitowa, na shekara 5 ne, ana kuma sabunta shi. Sai dai mai fili ba a bar shi a banza ba: dole a nemi yardarsa, kuma yana da haƙƙin diyya idan an ɓata masa amfanin gona ko gini.

Sashe na 3 na Dokar Ma'adanan ya lissafa wuraren da ba a taɓawa: cikin gari ko ƙauye, kasuwa, maƙabarta, wurin tarihi, da duk inda bai kai mita 50 ba daga titin gwamnati, layin dogo, dam ko ginin hukuma. Mita 50 kusan rabin filin ƙwallo ke nan. Ganuwar Kano ma tana cikin kayan tarihin ƙasa, don haka mai yankar ƙasar badala ya yi bulo, ba shi da inda zai fake.

Abin da ya fi damuna shi ne batun cike rami. Doka ta ɗora wa mai lasisi gyara wurin bayan ya gama, ya mayar da shi yadda ba zai cutar da kowa ba. A aikace kuwa, tifofi su tashi su koma wani wurin, a bar wa unguwa rami mai tsayayyen bango, ruwa ya taru, yara su mayar da shi wurin wanka. Kududdufan cikin birni ma haka suka samo asali, daga ɗibar ƙasar gini, amma su tun kafin a san wata doka ne.

Haƙa ba tare da lasisi ba laifi ne da kan kai ga tara da ɗauri. Idan mai tifa ya zo yana taya gonarka, ka ce ya nuna takardarsa, a kuma rubuta gaban mai unguwa wanda zai cike ramin. In ramin da ke kusa da gidanku ya fara tsagewa daga baki, ana kai ƙorafi ofishin ma'adanai na tarayya da ke Kano ko hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli.