Mene Ne Sag a Keken Hawan Dutse?

Sag shi ne gwargwadon nutsewar shokazoba idan mahayi ya hau keke ya tsaya cik, nauyinsa kaɗai ke danne ta. Da kashi cikin ɗari na tsawon motsin shokazoba ake faɗinsa. Masu ƙera kekunan hawan dutse galibi suna ba da kashi 25 zuwa 30 a baya, fok ɗin gaba kuma, wato ƙafafun da ke riƙe tayar gaba, kashi 15 zuwa 20.

Dalilinsa kuwa, aikin shokazoba biyu ne: ta matse idan taya ta ci karo da dutse, ta miƙe idan taya ta faɗa rami. In babu sag, ba ta da sauran wurin miƙewa. Sai taya ta riƙa rabuwa da ƙasa a gargada, burki ya ƙi kamawa, keke ya zame a kwana.

Kafin awo, a saka duk abin da ake hawa da shi, hular kwano da takalmi da jakar ruwa, domin duk nauyi ne. A buɗe maɓallin da ke saita taurin matsewar shokazoba gaba ɗaya (galibi shuɗi ne). Wani ya riƙe kan keken, mahayi ya hau ya danna sau biyu ko uku, sannan ya natsu. A tura ɗan zoben robar da ke jikin sandar shokazoba har ya taɓa bakin da sandar ke shiga, mahayi ya sauka a hankali ba tare da ya ƙara dannawa ba. Tazarar da zoben ya bari ita ce sag. A auna ta da rula.

A nan mutane da yawa suke kuskure. A baya, da tsawon motsin sandar shokazoba ake lissafi, ba da tsawon motsin taya ba. Keke na iya motsa tayar baya milimita 140 alhali sandarsa milimita 55 kawai take shiga. Kashi 30 na wannan milimita 16.5 ne. A gaba lissafin kai tsaye ne: fok mai milimita 150, kashi 20 milimita 30 ke nan, kuma a tsaye kan feda ake auna shi, ba a zaune ba.

Da ƙara ko rage iskar cikin shokazoba ake saita sag, kuma da famfon shokazoba ake sa ta, na taya ba ya kai wa wannan matsin. Bayan kowane ƙari a danna shokazoba sau da yawa don iska ta daidaita tsakanin ɗakunan iska biyu da ke cikinta, in ba haka ba awon ƙarya za a samu. Hucin da ake ji lokacin cire famfo daga tiyo yake fita, kada a ƙara iska saboda shi.

Abin da ya sa sag ya fi ƙarfin maganar laushin zama shi ne yana sauya kusurwar tuƙi, wato kwanciyar fok idan aka kwatanta da ƙasa. Kekunan hanyar daji na yanzu suna tsakanin digiri 64 da 66, amma wannan awon keke ne ba kowa a kai. Duk milimita 20 da gaba ya nutse yana miƙar da kusurwar da kusan digiri 1. Fok mai laushi fiye da kima yakan durƙusa da an taka burki a gangara, tuƙi ya yi rawa, nauyi ya zubo kan hannu, daidai lokacin da ake neman keke ya natsu. Idan bayan ne ya nutse da yawa, kusurwar takan ƙara kwantawa, tayar gaba ta riƙa yawo a hawa, feda ta riƙa dukan duwatsu. Don haka bai kamata a taɓa wani saitin kusurwa ba sai sag ya zauna gaba da baya.

Idan sag ya yi daidai amma shokazoba tana kai wa ƙarshe da ƙara a kowane tsalle, ƙarin iska ba magani ba ne. Ana saka 'yan robobin rage faɗin ɗakin iska, ɗaya bayan ɗaya, don ta yi tauri a ƙarshen motsinta kawai. Shokazoba mai sifirin maimakon iska kuwa, in an murɗa notinta ya kai zagaye biyu sag bai zo ba, sifirin ɗin ne za a canja.

Duk lokacin da aka sauya iska, a koma kan jan maɓallin da ke saita saurin dawowa. Iska mai yawa tana cillo keke da ƙarfi, sai a rage saurin da danni ɗaya ko biyu. In an rage ya wuce kima, shokazoba ba ta gama miƙewa kafin dutse na gaba, sai ta yi ta nutsewa har ta ƙage.