Waiwaye: Kulob ɗin kuroke da ya haifi gasar Wimbledon

Duk shekara, daga ƙarshen watan Yuni zuwa tsakiyar Yuli, hankalin masu son wasan tanis yakan koma wata unguwa da ke kudu maso yammacin Landan, wato Wimbledon. Kowa ya san koren filin nan da fararen kayan 'yan wasa. Amma mutum nawa ne suka taɓa tsayawa suka karanta cikakken sunan masu gidan? Sunan kulob ɗin All England Lawn Tennis and Croquet Club. Kalmar nan ta kusa da ƙarshe, wadda ake furtawa kuroke, sunan wani wasa ne dabam, kuma shi ne ɗan gida na asali. Dominsa aka kafa kulob ɗin, dominsa aka kama hayar fili aka shuka ciyawa. Tanis baƙo ne da aka shimfiɗa wa tabarma a gefe, daga baya ya gaje ɗakin.

Da yake wasan ba sananne ba ne a wajenmu, bari mu fara da yadda ake yin sa. Ana share fili mai tsawon yadi 35 da faɗin yadi 28, a aske ciyawarsa ƙwal, a daddale shi har ya kwanta sumul. Sai a kafa 'yan ƙofofin ƙarfe guda shida, kowace tsayinta ƙafa ɗaya, da turke ɗaya a tsakiya. Ƙwallaye huɗu ne: shuɗiya da baƙa ɓangare guda, ja da rawaya ɗaya ɓangaren. Ɗan wasa yana riƙe da gudumar katako mai doguwar ƙota, ya tsaya ya ɗan buɗe ƙafafu, ya lilo ta a tsakaninsu, ya doki ƙwallonsa ya bi ta cikin ƙofofin nan bi da bi, kowace sau biyu, daga ƙarshe ya taɓa turken. A ido abin kamar wasan yara. Sai ka matsa kusa ka ga cewa ƙwallon, mai nauyin kusan rabin kilo, da ƙyar yake wucewa, domin ratar da ke tsakaninsa da ƙarfen takan kasance kimanin kashi ɗaya cikin takwas na inci ne kawai, a manyan gasanni ma ana ƙara matse ta. Kuma daɗin wasan yana cikin dabara. Idan ƙwallonka ya taɓa na wani, ka sami ƙarin bugu biyu: ka ɗauko naka ka jingina shi da wancan, ka buga su tare kowanne ya nufi inda ka tsara masa, sannan ka sake bugu ɗaya. Gwani yakan yi ta ɗinka waɗannan bugu-bugu har ya zagaye filin duka a zuwa ɗaya, abokin karawarsa na zaune a kujera yana kallo, ba shi da ta cewa.

Daga Ailan wasan ya tsallako Ingila a farkon shekarun 1850. Wani mai sayar da kayan wasa a Landan, Isaac Spratt, ya yi rajistar dokokinsa a 1856, amma kamfanin Jaques ne ya baza shi gida-gida, yana sayar da akwatin guduma da ƙwallaye haɗe da ɗan littafin ƙa'idoji. Zuwa 1867 kamfanin ya buga kwafi 65,000 na littafin. Abubuwa biyu ne suka taimaka. Na farko, tun 1830 Edwin Budding ya ƙirƙiro injin yankan ciyawa, don haka mai matsakaicin hali ma yana iya samun shimfiɗaɗɗen fili a bayan gidansa ba sai ya ajiye tarin ma'aikata masu lauje ba. Na biyu, wasa ne da ba ya bukatar gudu ko ƙarfin damtse, saboda haka mata da maza suna iya karawa a fili ɗaya, a zamanin da mace a Ingila ba ta da wurin tsayawa a kusan kowane wasan waje. Wannan shi ya sa samari da 'yan mata suka rungume shi hannu bibbiyu.

Sai dai kowane gida da irin dokarsa. Wani ya kafa ƙofa tara, wani goma, wani ya yarda a taka ƙwallo da ƙafa yayin bugu, wani ya hana. Mutumin da ya ɗauki gyaran wannan ruɗani a kansa shi ne Walter Jones Whitmore, wanda ya zauna a wani tsohon gida mai suna Chastleton. A 1866 mujallar The Field ta wallafa ƙa'idojin da ya tsara, a 1867 kuma ya shirya gasa a garin Evesham, wadda ake lissafawa a matsayin ta farko, shi ne ma ya lashe ta.

Ran 23 ga Yuli, 1868, mutum shida suka zauna a ofishin The Field da ke titin Strand a Landan, suka kafa All England Croquet Club. Editan mujallar, John Walsh, shi ya shugabanci zaman, Whitmore kuma ya zama sakatare. Ga kulob, ga suna mai girma, amma ko taku ɗaya na fili ba su da shi. Kafin a kai ga samun filin ma rigima ta ɓarke tsakanin Whitmore da Walsh, har Whitmore ya fice ya kafa tasa ƙungiyar mai suna National Croquet Club. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin wata ƙungiya ya san irin wannan ciwo: ana cikin neman yadda za a tsaya da ƙafa, sai manyan gida su raba hanya. Whitmore ya rasu a 1872, yana ɗan shekara arba'in da kaɗan, bai ga abin da ya biyo baya ba.

A 1869 kulob ɗin ya kama hayar eka huɗu ta makiyaya a Wimbledon, tsakanin titin Worple da layin dogo. Kuɗin haya fam 50 a shekarar farko, 75 a ta biyu, 100 a ta uku. Aka baje ƙasar hawa uku aka fitar da filaye goma sha biyu, a 1870 kuma aka yi gasar kuroke ta farko a wurin. A shekarar ne wakilan kulob-kulob suka hallara suka amince da doka ɗaya, aka hana taka ƙwallo da ƙafa. Ba da jimawa ba ɗaya daga cikin mutum shidan nan, John Hale, ya fito da tsarin ƙofa shida da turke biyu, wanda aka yi ta amfani da shi har 1922, lokacin da aka koma turke ɗaya.

A nan ne nake ganin alheri da hasara suka zo a kwano ɗaya. Masu kishin wasan sun so su ɗaga darajarsa, sun kuwa ɗaga. Sun matse ƙofofi, sun tsaurara doka, sun mayar da shi fagen gwanaye. Amma jama'ar da suka cika filayen bayan gida don raha da hira ba wannan suka zo nema ba. Wanda ya biya kuɗi ya shiga kulob, sannan ya wuni a kujera yana kallon gwani na zagaye fili, gobe ba lallai ya dawo ba. Kafin tsakiyar shekarun 1870 mambobi sun fara janyewa, ga haya tana jiran biya.

Ana cikin haka sai wani tsohon soja, Manjo Walter Wingfield, ya yi rajistar sabon wasa a watan Fabrairun 1874. Ya ba shi wani suna na Girkanci mai wuyar faɗa, mutane suka yi watsi da sunan suka ce tanis na kan ciyawa. Shi ma a akwati ake sayar da shi, da raga da sanduna da ƙwallayen roba masu tsalle. Kuma bai bukaci kowa ya share sabon fili ba, domin kuroke ya riga ya yi wannan wahala a duk faɗin ƙasar. Filin kuroke ɗaya yana ɗaukar filin tanis biyu. Ka tumɓuke ƙofofin ƙarfe, ka ɗaura raga, shi ke nan.

A 1875 Henry Jones, likita kuma marubuci a The Field, ya ba kwamiti shawara a ware fili ɗaya daga cikin goma sha biyun nan domin sabon wasan. Aka yarda. Shekara biyu kacal bayan haka, a watan Afrilun 1877, aka sauya sunan kulob ɗin ya koma All England Croquet and Lawn Tennis Club. Kuroke na gaba, tanis na biye.

Abin da ya faru a bazarar 1877 ya cancanci a tsaya a kansa. Kulob ɗin yana da wata ƙatuwar rola ta ƙarfe da ɗan ƙaramin doki ke ja ana daddale filaye da ita. Rolar nan ta lalace, asusu kuma ba kuɗin gyara. Fili kuwa in ba a daddale shi ba, ƙwallon kuroke ba zai tafi sak ba. Sai Walsh ya kawo shawarar a shirya gasar tanis a tara abin da za a tara. Ran 9 ga Yuni sanarwa ta fito a The Field, wadda ta kuma ba da kofin azurfa. Kuɗin shiga gasa fam ɗaya da sule ɗaya. Dattawanmu da suka yi zamanin fam da sule kafin zuwan naira a 1973 sun san lissafin: sule ashirin ke yin fam. Jones da Julian Marshall da Charles Heathcote suka zauna suka tsara doka, suka tsayar da fili mai kusurwa huɗu, ƙafa 78 a tsaye, 27 a kwance, da ƙidayar 15, 30, 40. Har gobe a kan wannan awo da wannan ƙidaya ake buga tanis a duniya.

Maza 22 suka ba da sunansu. Aka fara ran 9 ga Yuli, aka dakata a tsakiya domin jama'a su je kallon kurket, wani wasan dabam, tsakanin makarantun Eton da Harrow, sannan ruwan sama ya sake ɗage wasan ƙarshe zuwa Alhamis 19 ga wata. 'Yan kallo kimanin 200 suka biya sule ɗaya-ɗaya. Spencer Gore, haifaffen unguwar, ya doke William Marshall da ci 6-1, 6-2, 6-4 cikin minti 48. Ribar da aka samu fam 10. Wannan fam goma ita ce tushen gasar da a 2025 ta ba zakaran maza da ta mata fam miliyan uku-uku.

Daga nan abin ya yi sauri. Ƙofofin ƙarfe suka riƙa ɓacewa daga fili zuwa fili, a 1882 aka goge kalmar kuroke daga sunan kulob ɗin baki ɗaya, gasar ƙasa ta kuroke ma ta tsaya cak. Shekara goma sha huɗu ke nan da kafuwa. Wani abin da ke taɓa mini zuciya shi ne batun mata. A filin kuroke tun farko da su ake yi, amma gasar tanis ta Wimbledon ba ta buɗe musu ƙofa ba sai 1884, shekarar da Maud Watson ta zama zakara ta farko.

Wasan bai mutu ba, ya dai koma gefe yana numfashi a hankali. Walter Peel, tsohon zakara tun na shekarun farko, shi ya tattaro ragowar masoyansa, a 1897 aka kafa sabuwar ƙungiyar ƙasa wadda a 1900 ta ɗauki sunan Croquet Association. Har yau idan ɗan wasa ya yi dabarar tura ƙwallon wani ta cikin ƙofa, da sunan Peel ake kiran wannan bugu. A 1899 kulob ɗin Wimbledon ya maido da kalmar da ya goge, amma wannan karon a bayan tanis, kuma haka sunan yake har yanzu. A 1900 aka buga kuroke a wasannin Olamfik na Paris, matan da suka shiga suna cikin matan farko da suka taɓa fafatawa a Olamfik, daga nan kuma bai sake komawa ba. Ƙungiyar ƙasar ta yi zama a Roehampton, ta koma Hurlingham, tun 2002 kuma hedikwatarta na Cheltenham. A wani nau'in wasan mai sauri da sauƙin doka, 'yan Masar ne suka daɗe suna riƙe da kambin duniya a shekarun baya.

Shi kuwa kulob ɗin, eka huɗun nan ta yi masa kaɗan saboda yawan 'yan kallo, don haka a 1922 ya tattara ya koma titin Church, inda yake yanzu. Ya tafi da sunan babban filinsa, Centre Court, wanda ya samo asali daga tsohon wurin, inda babban filin yake a tsakiya sauran suna kewaye da shi. Ya tafi da rolar nan ma, ta yi shekaru da dama a girke a gefe ɗaya na sabon filin, har aka riƙa kiran wannan gefen da sunanta. Tsohon filin titin Worple kuwa bai zama gidaje ba. Wata makarantar 'yan mata ta unguwar ce ke da shi yanzu, ɗalibanta suna wasanninsu a kan ƙasar da aka baje hawa uku domin kuroke.