Yaro mai garaje: yaya ake koya masa kamun kai?

Yarona yana ƙwace abin wasa, yana katse wa mutane magana, yana kai duka kafin ya yi tunani. Rashin tarbiyya ne?

Sau da yawa ba shi ba ne. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai an kai wajen shekara 25. Yaro mai garaje yakan san dokar sarai; ka tambaye shi bayan ya huce, zai karanto maka ita. Abin da ya rasa shi ne ɗan tsaikon nan tsakanin "ina so" da miƙa hannu. Wannan tsaiko kuwa koyonsa ake yi da maimaici.

Me ya sa tsawa da duka ba sa gyara shi?

Suna iya tsayar da shi yanzu, amma ba sa nuna masa abin da zai yi gobe idan abin ya sake tasowa. Yaron da ransa ya ɓaci ba ya ɗaukar darasi. Ka raba rigimar, ka bari ya huce, sannan a yi magana.

To ta ina zan fara?

Ka koya masa yin magana da kansa. A 1971 masana halayyar ɗan Adam Donald Meichenbaum da Joseph Goodman sun gwada wannan a kan yara masu garaje. Babba ne zai fara yin aikin yana faɗin tunaninsa a fili: "Me ake so in yi? Bari in bi a hankali. Na kuskure, ba komai, in sake." Sai yaron ya yi babba yana gaya masa, sai ya yi yana faɗa da bakinsa, sai da raɗa, daga ƙarshe a zuci. Wasa ma yana taimakawa: a yi ta tsalle, da an ce "tsaya" kowa ya daskare. Kuma duk ranar da ya jira layinsa ya zo, ka faɗa masa nan take cewa ka gani.

Yaya ake koya masa warware matsala da kansa?

Nan ne iyaye suka fi shan wahala, domin bakinmu yana saurin yanke hukunci. Tsarin da Myrna Shure da George Spivack suka gina a Amurka tun shekarun 1970 ya ce a riƙa tambaya maimakon umarni. A ce ya fizge keke daga hannun ƙanwarsa. "Me ya faru? Yaya ta ji da ka fizge? Daga nan sai me ya biyo baya? Wace dabara kuma za ka iya yi don ka samu ka hau?" Ko ya kawo shawarar banza, kada ka gwale shi, ka ce, "To, in ka yi haka me zai faru?" Ka nemi dabara biyu ko uku, shi ya zaɓa, gobe ku duba ko ta yi aiki. A ganina dabarar da yaro ya samo da kansa ta fi wadda aka ɗora masa zama a ransa.

Ba an ce gwajin alawa ya nuna haƙuri halitta ba ne?

Gwajin Walter Mischel na Jami'ar Stanford ke nan: alawa ɗaya yanzu, ko biyu in ka jira. Amma a wani gwaji na Jami'ar Rochester, yaran da aka fara saɓa wa alkawari sun jira kamar minti 3 ne kawai, waɗanda aka cika wa kuwa suka kai wajen minti 12. Wato haƙurin yaro yana da alaƙa da yardarsa cewa za a cika masa alkawari. Idan ka ce masa "jira, zan ba ka", to ka ba shi.

Yaushe ya kamata a ga likita?

Idan abin ya wuce wata 6, yana faruwa a gida da makaranta duka, har yana ɓata masa karatu ko abota, a kai shi a duba ko larurar ADHD ce (matsalar kasa tattara hankali da kasa zama wuri ɗaya), wadda ke shafar kusan kashi 5 cikin 100 na yara. A duba barcinsa ma: ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12 a dare, kuma ƙarancin barci yana ƙara garaje.